Aman Jini: Abin da Ma'aikaciyar Jinya Ke Ƙirgawa Yayin da Kowa Ke Kallon Robar Amai

Idan mutum ya yi aman jini, idon kowa a gidan yana kan abin da ya zubo. Wani ya ce ya kai kofi ɗaya, wata ta ce a'a, ya kusa cika kwano. Da aman ya tsaya sai ka ji an sauke ajiyar zuciya, a ce ya lafa, a bari zuwa safe a gani. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya da ta san aikinta, kallo ɗaya take yi wa robar, sai ta kama wuyan hannun mara lafiya ta zuba wa agogo ido.

Dalilinta shi ne jinin da ya fito ta baki ba shi ne duk jinin da ya zuba ba. Tumbin babban mutum yana iya riƙe lita guda ko fiye kafin amai ya taso, wani jinin kuma gangarawa hanji yake yi, ba za a gan shi ba sai ya fito a bayan gida bayan awoyi. Saboda haka tsayawar amai ba ta tabbatar da cewa zubar jinin ta tsaya. Kusan duk aikin jinyar mai aman jini a kan wannan gaskiyar aka gina shi. Idan kana zaune a ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa ko Minjibir, inda kemis yake a bakin kowace kasuwa amma bankin jini da na'urar leƙa ciki suke nesa, akwai yiwuwar wata rana kai ne za ka fara wannan jinyar kafin kowace nas ta ga mara lafiyan.

Tukuna, aman jinin ne kuwa?

Jini yakan fito ta baki daga wurare uku, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya taso daga huhu da tari yake zuwa, ja ne wur, yana da kumfa, sau da yawa a gauraye da majina. Wannan yakan sa a fara tunanin tarin tibi. Na biyu haɓo ne ko jinin dasashi da mutum ya haɗiye, musamman cikin barci, daga baya ciki ya maido shi. Na uku shi ne wanda muke magana a kai, wato jinin da ya zuba a bututun abinci, ko tumbi, ko farkon ƙaramin hanji. Da yunƙurin amai yake zuwa, wani lokaci da guntayen abinci. Idan sabo ne za ka gan shi ja da gudaji. Idan ya ɗan jima a tumbi, ruwan tsamin da ke narkar da abinci yakan sauya masa kala ya koma baƙi-baƙi mai tsaki-tsaki, kamar jiƙaƙƙen garin kofi. Mutane da yawa ba sa gane wannan na biyun jini ne.

A nan ƙasarmu dole a ƙara tambaya ɗaya: ya sha zoɓo? Zoɓo mai kauri ya sha tayar da hankalin iyaye a banza. Amma idan akwai jiri ko gumi mai sanyi tare da aman, kada ka ɗora wa zoɓo laifi.

Sai bayan gida. Jini kaɗan, kamar mililita 50 zuwa 100, ya isa ya mayar da kashi baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da wani irin ɗoyi wanda duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin marasa lafiya ba ya manta shi. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ita ma tana baƙanta kashi, sai dai babu danƙon, babu ɗoyin. Mutanenmu suna jin nauyin wannan magana, ballantana dattijo a gaban 'yar cikinsa. To amma a amsa wa nas gaskiya idan ta tambaya, domin sau da yawa baƙin kashin yana rigan aman da kwana ɗaya ko biyu.

Daga tsakar gida zuwa asibiti

Abin da ya fi saurin kashe mai aman jini ba ma ƙarewar jinin ba ne, shaƙewa ce. Mutum ya galabaita, an kwantar da shi rigingine, amai ya taso ya koma hanyar numfashi ya cika huhu. Don haka abu na farko, a kwantar da shi a gefe, an fi son gefen hagu, a lanƙwasa gwiwar sama don kada ya mirgina, baki ya ɗan kalli ƙasa yadda duk abin da ya taso zai zubo waje. A share masa baki da tsumma mai tsabta. A rufa masa zani ko bargo ko da ana zafi, saboda jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya saurin daskarewa ya toshe rauni.

Kada a ba shi komai ta baki. Na san wannan ita ce ƙa'idar da ta fi wuya a gidan Bahaushe, domin a wurinmu kulawa ita ce a dama kunu, a kawo fura da nono, a jiƙa kanwa, a nemo maltina da madara wai don jini ya dawo. Zai kuma roƙi ruwa, ƙishirwa mai tsanani tana cikin alamun zubar jini. A jiƙa masa leɓe kawai. Duk abin da ya shiga ciki yana iya tayar da wani aman, yana ƙara haɗarin shaƙewa, sannan yana rufe wa likita gani idan aka zo leƙa cikin. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a hanya, amma rubutun sha ya jira.

Sai abin hawa. Babur shi ne motar asibitin karkara, kowa ya sani: direba a gaba, mara lafiya a tsakiya, wani a baya ya rungume shi. Ga mai aman jini wannan zaman yana da haɗari. Wanda jininsa ya ragu, idan aka zaunar da shi a miƙe, jinin ba ya isa ƙwaƙwalwa sai ya sume, idan kuma amai ya zo a kan hanya babu yadda za a juya shi. Idan da hali a nemi mota ko a-kori-kura, a shimfiɗa katifa, ya tafi a kwance a gefensa, wani yana zaune wajen kansa.

Ina za a nufa? Babban asibiti mafi kusa wanda ake ƙarin jini, irin na Bichi ko Ɗambatta, su kuma su tura Kano idan ta kama. Ƙaramin asibitin mazaɓa zai iya sa kanula ya ɗaura ruwa don a samu a isa, wannan yana da amfani, amma ba wurin kwana ba ne. Wanda na fi jin tsoro shi ne ƙarin ruwa a gida, inda ake kiran wani mai ɗan sani ya rataye leda a ƙusa. Ruwan gishiri yana cika jijiya na ɗan lokaci, mutum ya buɗe ido ya yi magana, kowa ya ce an samu sauƙi. Ruwan ba ya ɗaukar iskar oksijin kamar jini, ba ya kuma toshe inda ke zuba. Awoyin da ya saya, a hanyar asibiti ya kamata a kashe su.

Kafin a fita, a kwashe duk magungunan da yake sha, na kemis da na gargajiya, a zuba a leda. A ɗauki hoton aman da waya. Sannan a tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini. Wanda zai share aman ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda, ya zuba ruwan bilic a wurin, ya wanke hannu da sabulu.

Lissafin da nas take yi

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Idan ya rasa har zuwa kashi 15 cikin 100, wato wajen mililita 750, jiki yakan rufa asiri, ba a ganin komai sosai. Daga nan zuwa kashi 30 zuciya takan ƙara gudu, bugu ya haura 100 a minti, jijiyoyin fata su tsuke don a tura jini ƙwaƙwalwa da zuciya, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, awon bi-fi yakan zauna daidai duk wannan lokacin. Yawanci ba ya faɗuwa sai an rasa kusan kashi 30, lita ɗaya da rabi ke nan. Matashin manomi mai ƙarfi ya fi kowa iya ɓoye wannan. Yana zaune yana gaisawa da 'yan dubiya, bi-fi lafiya lau, sai a wayi gari ya zube gaba ɗaya.

Shi ya sa nas ta fi yarda da bugun jini. Akwai wani ɗan lissafi mai sauƙi: a raba yawan bugu a minti da lambar sama ta bi-fi. Mai lafiya yakan ba da kamar 0.5 zuwa 0.7. Idan bugu 120 ne bi-fi kuma 100 bisa 70, amsar 1.2 ce. Duk lokacin da bugu ya kamo lambar sama ko ya wuce ta, akwai matsala, ko da mara lafiya yana murmushi. A awoyin farko ana maimaita awon duk minti 15, a rubuta a takardar da ke rataye a ƙarshen gado. Awo ɗaya bai faɗi komai ba. Jerin ne ke magana: 96, 104, 112, 120. Wanda ya ga wannan hawan ya san jini yana zuba a ciki tun kafin wani aman ya zo. Wannan ne ya sa nake ganin nas mai agogo da biro, wadda ba ta tsallake awon ƙarfe uku na dare, ta fi wata na'ura mai tsada amfani a irin asibitocinmu.

Tana ƙirga numfashi, wanda ga babba bai kamata ya wuce 20 a minti ba. Tana danna farce ta saki ta ga ko ja ya dawo cikin daƙiƙa 2. Ga mata masu lalle wannan ba ya yiwuwa, sai ta ja fatar ido ta ƙasa ta duba, ta dubi harshe. Tana sa robar fitsari, ba don wulaƙanci ba, sai don ƙoda ita ce ke fara rage aiki idan jini ya yi ƙaranci. Ana son babba ya fitar da aƙalla kamar mililita 30 a awa. Tana kuma yi masa 'yan tambayoyi, sunansa, garinsu, yau wace rana. Mutumin da ya fara fizge-fizge yana cire kanula, ko ya yi lakwas yana ta barci, ba rigima yake ba, ba kuma hutawa yake ba.

Kanula biyu take sawa, manya, mai ruwan toka ko koriya, ɗaya a kowane hannu. 'Yan uwa kan yi ƙorafi, me ya sa za a soke shi sau biyu. Saboda idan jini ya ɓalle, jijiyoyi lafewa suke yi, a nemi inda za a soka a rasa. Gara a buɗe ƙofa biyu tun ana ganin hanya.

Akwai tarko ɗaya a gwajin farko. Za a auna yawan jini, abin da a asibitocinmu ake kira fi-si-bi, sakamako ya fito 36, dangi su yi murna. Gwajin yana auna kaurin jini ne, ba yawansa a jiki ba. Ka ɗebi rabin kunu daga kwano, wanda ya rage kaurinsa bai canza ba, sai an ƙara ruwa za a ga ya tsinke. Haka jini yake. Sai bayan awoyi, jiki ya janyo ruwa cikin jijiya ko an yi ƙarin ruwa, lambar gaskiya take bayyana. Don haka ake maimaita gwajin, ba neman kuɗi ba ne.

Tambayoyin da take yi, da abin da take nema

Yayin da hannunta ke aiki, bakinta yana tambaya. Ta farko: me yake sha don ciwon jiki? Duk wanda ya san damina a wannan yanki, inda kowane taƙi na ƙasa ake nomawa kuma da fartanya ake yawancin aikin, ya san yadda ake sayen haɗi a kemis da yamma, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna. A cikinsu akan sami waɗanda aka rubuta wa Diclofenac, Ibuprofen ko Piroxicam a kwali, na ƙarshen shi ne aka fi sani da Feldene. Garin Alabukun kuma asfirin ne da kafin. Waɗannan magunguna suna kashe ciwo ta hanyar hana jiki yin wasu sinadarai, sai dai sinadaran nan su ne ke sa tumbi ya shafa wa bangonsa majinar da ke kare shi daga ruwan tsami. A sha biyu ko uku tare, kullum, ciki ba komai, bango ya zaizaye har a kai ga jijiya. Idan aka haɗa da Dexamethasone, wanda wasu ke sha don ƙiba, haɗarin ya ƙaru. Wani abin mamaki, gyambon da waɗannan ƙwayoyi ke jawowa sau da yawa ba ya ciwo. Aman jinin shi ne sallamarsa ta farko.

Ɗaya babban sanadin gyambon ciki ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Binciken da aka yi a Maiduguri tun farkon shekarun 1990 ya nuna mafi yawan manya suna ɗauke da ita. Yunwa tana tayar da zafin olsa, amma ba ita ke haƙa ramin ba.

Tambaya ta biyu: ya taɓa yin shawara? Cikinsa ko ƙafarsa suna kumbura? A nan take neman hanta. Duk jinin da ya baro hanji da saifa, ta wata babbar jijiya yake bi ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. Idan hanta ta taurare, sai ya zama kamar an datse babban magudanar fadama: ruwa ya taru a baya ya nemi ƙananan hanyoyi. Ƙananan hanyoyin nan suna ƙasan bututun abinci. Jijiyoyi ne sirara da ba a halicce su don wannan lodin ba, sai su kumbura su yi jirge ƙarƙashin fata mai laushi. Ranar da ɗaya ta fashe, jini bulbulowa yake, babu ciwo, babu gargaɗi. Rahotannin sassan leƙa ciki na Zariya, Maiduguri da Kano sun sa waɗannan jijiyoyi a sahun gaba na sanadin aman jini a Arewa, saɓanin Turai inda gyambo ne kan gaba.

Me ke taurara hantar, a wurin da yawancin mutane ba sa shan giya? Na farko ciwon hanta nau'in B. Babban binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Da yawa tun suna yara suka kamu, ya yi shekara ashirin ko talatin yana cin hanta shiru. Rigakafinsa bai shiga jerin alluran yara a Najeriya ba sai 2004, ka ga ke nan duk wanda aka haifa kafin nan, sai in shi ya nema da kansa.

Na biyu tsargiya. Wadda muka sani ita ce ta fitsarin jini da yara ke yi bayan wanka a kududdufi. Tana da 'yar uwa mai zama a jijiyoyin hanji, Schistosoma mansoni, ita ma ta dodon koɗi take yaɗuwa, ta fata take shiga. Ƙwayayenta suna bin jini su maƙale a hanta, jiki ya yi ta gina tabo a kewayensu shekara da shekaru. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan mutum 551 daga ƙananan hukumomi biyar na Jihar Kano, har da Minjibir, ya samu kashi 17.8 suna da tsargiya, kusan rabi ta fitsari rabi ta hanji. Saboda haka idan nas ta tambaya ko yana noman rani ko su a Tomas, Gari, Watari ko Wasai, ba hira take ja ba. Mai irin wannan yakan zo da ƙatuwar saifa, amma idonsa fari, jikinsa da ƙarfi, don naman hantar bai lalace ba, hanyar ce ta toshe.

Akwai mai sauƙi a cikinsu: mutum ya yi ta kakarin amai, kamar mai laulayin ciki, har fatar ƙasan bututun abinci ta ɗan tsage, jini ya biyo aman na uku ko na huɗu. Yawanci da kansa yake warkewa, amma asibiti ne za su faɗi haka, ba gida ba.

Tambaya ta ƙarshe don kanta ce da abokan aikinta: ya yi kwanaki yana zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya? Zazzaɓin Lassa yana iya zuwa da zubar jini. Waɗanda aka fara gano cutar a jikinsu a 1969 ma'aikatan jinya ne, a watan Janairun 2020 kuma ta kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan ka ga ta sa safar hannu da takunkumi da rigar leda kafin ta taɓa ɗan'uwanka, ba ƙyama ba ce.

Ka lura, a duk jerin nan babu sammu, babu jifa. Na kawo maganar ne don aman jini da ya zo wa mai lafiya farat ɗaya yakan sa a fara waige-waige, wa ya ba shi abinci jiya, kuma sau da yawa a kan mace zargin ke sauka, kishiya ko matar uba. Jijiyar da ta fashe yau ta yi shekaru tana kumbura.

Jini, ruwa da allurai

Mutane kan ɗauka yawan ledojin jini shi ne yawan kulawa. Wani gwaji da aka yi a Basalona ta ƙasar Sifaniya, aka buga a 2013, ya raba masu zubar jinin ciki 921 gida biyu. Kashi ɗaya ana ƙara musu jini da zarar himogulobin ya sauka ƙasa da 9, ɗaya kashin sai ya sauka ƙasa da 7, wato fi-si-bi wajen 21. Bayan mako shida, kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tsimi suna raye, a ɗaya ɓangaren 91. Cika jijiyoyi da yawa yana ƙara matsi a kan inda ya fashe, ya ture gudan jinin da ya fara toshewa. Amma fa gwajin bai haɗa da wanda jini ke kwarara masa ba ƙaƙƙautawa ba. Shi wannan ba a jiran lamba. Mai ciwon zuciya ma akan ƙara masa da wuri.

Idan aka ɗaura jini, nas takan karanta suna da rukunin jini ita da wani ma'aikaci, ta tsaya kusa minti 15 na farko, don a nan mummunan rashin jituwa ke nunawa. Rawar sanyi, ciwon baya, ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi, a kira ta nan take. Kada ɗan jinya ya taɓa ƙaramin maɓallin da ke daidaita gudun, ko da yana ganin yana tafiyar hawainiya. Masu ba da jinin kuma su kwantar da hankali, abin da ake ɗiba wajen mililita 450 ne, ruwansa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa cikin makonni. Za a gwada su, kuma ba abin mamaki ba ne a samu wa ko ƙani shi ma yana da ciwon hantar, shi ya sa ake tafiya da fiye da mutum ɗaya.

Za a ba da allurar rage ruwan tsami irin su Omeprazole. Idan ana zaton hanta ce, a ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su Ceftriaxone, wanda aka tabbatar yana rage mutuwa a irin wannan hali, da maganin rage matsin jijiyar hanta idan akwai. Akwai wata allurar tsayar da jini, Tranexamic acid, mai ceton mata masu zubar jini bayan haihuwa. An yi zaton za ta yi aiki a nan ma. Gwajin da aka buga a 2020 a kan mutum sama da 12,000 a ƙasashe 15, har da asibitocin Najeriya, ya nuna ba ta rage mutuwa ba, ta ma ƙara daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa da huhu. Idan likita bai rubuta ta ba, ba mantuwa ya yi ba.

Duk wannan riƙon ƙwarya ne kafin a leƙa. Endoskofi siririn bututu ne mai fitila da kyamara da ake zurawa ta baki. Ƙa'ida ita ce a yi shi cikin awa 24, cikin awa 12 idan ana zaton jijiyoyin hanta ne. Da shi ake ganin inda ke zuba, da shi kuma ake gyarawa: a ɗaure kumburarriyar jijiya da 'yar roba, ko a yi wa gyambo allura ko a maƙale shi. Ga mutumin arewacin Kano wannan yana nufin shiga birni, manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Idan an tura ku, ku karɓi takardar turawa mai ɗauke da jerin awon da aka yi da adadin ruwa da jinin da aka ƙara, kuma kada a cire kanula kafin tafiya.

Kwana uku na farko

Yawancin zubar jinin gyambo, kamar 8 cikin 10, da kansa yake tsayawa. Matsalar ita ce yana dawowa, kuma ya fi dawowa cikin awa 72 na farko. Na jijiyoyin hanta kwana biyar ake tsoro. A daidai wannan lokaci ne dangi kan fara lissafin kuɗin gado da gonar da aka bari, mara lafiya ya ce shi ya warke, a sa hannu a takarda a tafi. Idan za a ci bashi, to bashin waɗannan kwanakin ya fi kowanne cancanta.

Nas ɗaya na iya riƙe gado ashirin da dare, don haka ɗan jinya idonta ne. Duk amai da duk bayan gida a nuna mata kafin a zubar. Baƙin kashi yana iya ci gaba kwana biyu ko uku bayan jini ya tsaya, tsohon ne ke fita. Amma idan ya ƙara yawa, ya tsinke, ko ya koma ja, labari ya canza. Kada a bar shi ya tashi ya tafi banɗaki shi kaɗai, a nan da yawa ke faɗuwa, a kawo masa fo. A riƙa wanke masa baki da ruwa, ɗanɗanon tsohon jini kansa yana tayar da zuciya. Abinci sai likita ya ce, a fara da ruwa-ruwa mara zafi.

Ga mai ciwon hanta akwai ƙarin abin lura. Jinin da ya taru a hanji narkewa yake kamar nama, ya fitar da guba irin su amoniya, hantar kuma ba ta iya tacewa, sai ta hau ƙwaƙwalwa. Mutum ya fara barci da rana yana farke da dare, ya yi sambatu, ya kasa gane 'ya'yansa, hannunsa yana kaɗawa idan ya miƙa. Dangi kan ce iska ce ta shige shi su nemi a sallame su. Maganinsa wani ruwa ne mai zaƙi, Lactulose, da ke sa bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana don a wanke hanjin. Idan ka ga ana ba mai zubar jini maganin da ke sa shi zagayawa, dalilin ke nan.

Ranar sallama, ka tambayi abu ɗaya kafin komai: me aka gani a ciki? A rubuta maka. Idan gyambo ne, a gwada ƙwayar Helicobacter, a sha haɗin maganinta na kwana 14 har ƙarshe, a rabu da haɗin kemis, a tambayi likita abin da za a sha don ciwon jiki. Idan jijiyoyin hanta ne, ɗauri ɗaya ba ya isa, ana komawa bayan 'yan makonni har su ɓace, ana kuma shan Propranolol ko Carvedilol kullum. Ba tare da wannan ba, kusan 6 cikin 10 sukan sake zubar da jini cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wannan ƙwayar tana rage gudun zuciya, saboda haka duk asibitin da ya je nan gaba ya faɗa yana shan ta, in ba haka ba nas za ta ƙirga bugu 80 ta ɗauka lafiya. Idan tsargiya ce a sha Praziquantel, ko da yake kashe tsutsar ba ya goge tsohon tabo nan take. Idan kuma ciwon hanta nau'in B ne, a gwada matarsa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi, a daina haɗa reza da askar wanzami, jaririn da za a haifa a gidan kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ba a jira ranar suna ba.